Citta a Bakin Gadar Mechi

Kwana tara ke nan motar Harka na tsaye
a bakin gadar Mechi, gabanta na duban Indiya,
buhu tamanin na citta a bayanta,
da na bi gona-gona a tsaunukan Ilam na saya,
rabi da kuɗi, rabi da "sai na dawo".

A da, takarda guda ce da hatimi guda.
Mu sha shayi da mai awo, ya tambayi lafiyar yara,
kafin rana ta take tsaka mun haye.

Bana sun ce sai an ɗebi samfur
an kai wani birni mai nisa an gwada.
Sun ce lambar harajina ta tsufa,
in sabunta ta a na'ura.
Na'urar ta ce in dawo gobe.
Goben ta zo, an ɗauke wuta.

Manyan motocin kamfani na gifta ni,
ƙahonsu ma na masu ƙoshi ne.
Suna da akawu uku da lauya
da yaron da aikinsa kawai bin layi.
Dokar riga ce, da awonsu aka ɗinka ta,
ni da aka zura mini, ina taka bakinta ina faɗuwa.

Jiya da dare tsohuwa Phulmaya ta kira.
Ba ta ce kuɗi ba.
Ta ce, "Tilak, ruwa ya sauka a nan, can fa?"
Ta ce jikarta ta ci jarrabawa.
Sai ta yi shiru,
shirun da na san farashinsa har kwabo:
buhu shida, da kuɗin makaranta a ciki.

Mutum ɗaya ke godiya ga wannan doka,
Sabitri mai shinkafa da miyar wake a gindin gada.
Ta ƙaro tukunya, ta ƙaro benci,
ta fara ba direbobi bashi tana rubutawa.
Sunana na shafi na biyu.

Kogin ya janye, yashi ya fito fili.
Balbela na hayewa ba ta nuna komai,
saniya ta je can ta yi kiwo ta dawo.
Wani yaro ya raɗa mini, "Kawu, in duhu ya yi
mu goma ne, kowa da kansa da gammonsa."
Na ce a'a.
Amma na daɗe ina duban yashin nan,
fiye da yadda mai cewa a'a ya kamata ya duba.

Yau da asuba na kwance bakin buhu.
Ƙamshin ya canja.
Na sa hannu, na ji abu mai tsini:
cittar ta tsiro.
Ita ba ta san ana jira ba,
ta ji danshi da duhu, ta ɗauka ƙasa ce.

In takardar ta iso jibi
za ta ba da shaidar cittar da babu ita yanzu.
Harka na lissafin kuɗin kwana a bayan kwalin taba,
ni ina ware masu tsiro gefe guda,
ko Phulmaya za ta karɓe su a matsayin iri,
ko za ta dube ni kawai
ta ɗora ruwan shayi.