Jan Biro

Ni ke rubuta jadawalin aiki a Ɗaki na Huɗu.
Kusan duk ƙarshen wata sai na ɗauko jan biro
na ja layi a kan wani suna.

Da azumi, Zinatu. Ta samu aiki a Ingila,
tana turo mana hoton ƙanƙara a bakin taga.
Bayan Sallah, Kwabina Ansa,
wanda shi kaɗai ke lallashin Iliyasu ya sauko daga katanga.
Yanzu caja yake sayarwa a Kejetiya.
Ya ce can ba a ce masa ya jira wata uku.

Gado talatin da shida, mu biyu da dare.
In an ɗauke wuta, da hasken waya nake laluben jijiya,
Abena na riƙe da hannun, tana waƙar coci ƙasa-ƙasa.
Maganin Iliyasu ya ƙare tun Laraba.
Na rubuta takarda, takarda ta hau bene.
Abin da ya hau benen nan ba ya saukowa.

An kira taro, an raba ruwan leda da biskit,
wani mai kwat ya ce aikinmu ibada ne.
Na so in ce masa mai gidan da nake haya a Aboabo
ba ya karɓar lada,
sidi yake so, na shekara biyu a dunƙule.
Na haɗiye. Na kai wa auta biskit.

Baba Ofori, shekara tara a gadon kusurwa.
Tela ne a da. Ya fi ofis sanin yawanmu.
Jiya da asuba ya ga maɓallin rigata yana lilo.
Doka ta hana allurar ɗinki a nan,
amma na ba shi, na tsaya a gabansa.
Hannun da ke ɓarin koko kullum
bai yi rawa ba ko sau ɗaya.
Ya datse zare da haƙori, bai ko ɗago ba, ya ce:
Mai shirin tafiya, takunsa ke fara sauyawa.
Naki ya sauya tun makon jiya.

Fasfona na cikin jaka, ƙarƙashin kwanon abinci.
Ko uwata ban gaya wa ba.

Yau ashirin da tara ga wata.
Takardar wata mai zuwa na gabana, fara fat.
Na rubuta Abena.
Na rubuta sabon yaron da har yanzu ke tsoron ƙarar makulli.
Sai na tsaya,
jan biro a bayan kunne, baƙi a hannu.

Daga can ciki Iliyasu ya fara kiran sunana,
ba da ihu ba,
a hankali, kamar baƙon da ya yi sallama
yana jira ya ji ko da mutum a gidan.

Na ce, ina zuwa.
Na bar layin a buɗe.