Kumatun Gidanmu

Zuwaira, kumatun nan ba sayen su kika yi ba,
gado ne.
Na ubanki ne, shi ma na Iya Tasalla,
wadda in ta yi dariya a Ƙofar Sauri
dariyar kan ƙare, kumatun na ci gaba da rawa.

Shekararki ashirin da bakwai.
Zazzaɓin bara ya cinye naman fuskarki,
ya bar fatar tana reto
kamar zanin da aka manta a kan igiya.
Kin tsaya gaban madubi da yatsu biyu,
ki ja zuwa kunne, ki saki,
ki ja, ki saki.
Na gan ki ta bayan labule. Ban ce uffan ba.

Ranar da mai atamfa a 'Yar Kutungu
ya dube mu ya ce, "Hajiya, ƙanwarki ce?"
ni na ji daɗi, Allah Ya yafe mini.
Ke kuwa kin ajiye turmin da kika zaɓa,
har gida ba ki ƙara magana ba.

Sai adashen wata goma sha huɗu ya tafi,
keken ɗinki ya bi shi,
'yan kunnen zinariya suka raka su.
Likita ya zana fuskarki da shuɗin alƙalami
kamar tela zai rage riga.
Na ce, "Halittar Allah ce fa."
Kika ce, "Inna, haƙorin Makkan da ke bakinki fa?"
Na rufe bakin, da haƙorin a ciki.

Kwana tara kina zuƙar kunu da bututun roba,
kai a naɗe kamar alala a ganye.
Ni ke wanke ɗinkin bayan kunne,
baƙin zare a jere, tururuwa sun sami sukari.
Kina barci a zaune, ina gadin matashi.

Kumburi ya sauka.
Fata ta ɗame kamar kalangun da ya sha rana.
Kin yi kyau.
Ba zan yi ƙarya ba, ina da alwala.
Kina fita yanzu ba ki jan mayafi har hanci,
kina gaida mutane ido cikin ido,
wannan ma na gani.

Amma ga abin da ban taɓa gaya miki ba.
Shekara shida ubanki na kwance a Ɗan Takum.
In kewarsa ta taso mini bayan la'asar
nakan tsokane ki da gangan,
in ce miyarki ba gishiri,
ki ɓata rai, kumatun su sauko,
sai ga Malam Ɗanjuma zaune a kan tabarmata
yana jiran a ba shi haƙuri.

Shekaranjiya na ce miyarki ba gishiri.
Kin ɓata rai.
Na jira.
Ba wanda ya zo.

Jiya aka yi sunan ɗan yayanki.
Aka miƙo mini shi cikin tawul,
ga kumatu biyu sun zubo gefe da gefe
kamar curin fura a faifai.
Mata na ta shewa, Iya Tasalla ta dawo da wando.
Kika duƙa kika sumbace su, ɗaya bayan ɗaya,
kika ce tubarkalla.

Sannan hannunki ya tafi bayan kunnenki
ya daɗe a can.