Rabin-Aski

A Sandamu, bayan tsamiyar Gide,
Inda garkenmu ke kwana tun ina yaro,
Akwai karnuka biyu, jininsu guda,
Abin da ya raba su kawai shi ne gashi.

Santsi 'yar gida ce, uwarta tamu,
Jikinta sumul kamar sabon tulu,
Ruwa in ya zuba ba ya zama,
Ka shafa bayanta, sai laushi.

Buzu kuwa Baffa Cindo ya zo da shi
Daga mashekarin kudu, cikin buhun gero,
Curi guda, kamar audugar da ba a gurza ba.
Da ya girma sai geza har ido,
Gemu irin na bunsuru, ga kaushi.

Amma kunne ɗaya, ƙirji ɗaya,
Duka ta hagu suke kewaya tumaki,
Su durƙusa su kafe rago da ido har ya koma.
In dare ya yi, ba ka raba su da haushi.

Lawandi mai karnuka tara a ƙetaren rafi
Ya ce, "Kul, Tanimu, kada ka haɗa su.
Sumul da sumul, haka na gada.
In ka cakuɗa, ba kare ba tunkiya za ka samu,
Ka ɓata iri, ka bar wa jikoki bashi."

Ban ce masa komai ba.
Su ma ba su nemi shawarata ba.
Wata safiya, bayan an yanke gero,
Na iske igiyar Santsi a tsinke,
Sawun ƙafa takwas ya nufi rafi a kan yashi.

Wata biyu, ƙarƙashin rumbu,
Na durƙusa da tocila ina ƙirga:
Huɗu sumul, uwarsu sak,
Biyu curi-curi, ubansu sak,
Na bakwai baya sumul, wuya geza,
Kamar wanzami ya fara aski aka kira shi ya tashi.

Ran kasuwar Mai'aduwa masu saye suka zaɓa,
Shida suka tafi a kwali bisa babur.
Na bakwai aka ɗaga shi aka yi dariya,
Na dawo da shi a aljihun riga yana nishi.

Na sa masa Rabin-Aski.
Kaska na son wuyansa, sanyi na son bayansa,
Ya haɗa wahalar gida biyu.
Inna Tabawa ta ce, "Wannan ko ƙanzo asara ne, bare ƙashi."

Damina ta biyu, hadari ya taso da la'asar,
Tsawa ta watsa garke, tumaki goma sha ɗaya
Suka doshi gonar waken Malam Ɗanlasan,
Wadda ganye ɗaya ke kai mutum gaban Dagaci.
Ni laka ta kayar da ni, sandata ta yi nata wuri.
Rabin-Aski ya yanke ta cikin kwari,
Ya sha gabansu a bakin kunyar fari,
Ya juyo da su ɗaya bayan ɗaya, ba cizo, ba fushi.

Lawandi ya ji labari. Kwana uku bai leƙo ba.
Ran na huɗu ga shi da karyarsa a igiya,
Yana kallon tsamiya, yana zancen tsadar dusa,
Har dai ya ce, "Ko za ka ara mini shi?"

Buzu ya mutu bara, yana gindin kalgo.
Bana a gidan Lawandi, uwa sumul, uba sumul,
Aka haifi guda mai geza har ido.
Ashe gashin kwanciya ya yi a cikin jini,
Toka a sama, ƙasa garwashi.

Jiya da dare na wuce ta ƙofarsa,
Na gan shi zaune da aci-balbal,
Yana tsince ƙarangiya ɗaya-ɗaya
Daga gemun ɗan kwikwiyon,
Yana zagi ƙasa-ƙasa, yana shafa shi.