Hancin Kuza

Kakana ya haƙi kuza a Bukur,
ya mutu bai san abin da Bature ke yi da ita ba.
Ga ni, jikarsa, a Akoka cikin farar riga,
ina shimfiɗa ta a kan gilashin da bai fi farce ba.

Ba kuzar zalla ba, wadda ta auri iska,
tsatsarta, in kana son gajeren suna.
Ɓawon albasa bargo ne a kanta.
Sai na karkata ta wajen fitila
take nuna launin wuyan tantabara.

In da sanyi, kurma ce.
Sai ta gasu, ta fi tandar waina,
iskar shaƙa ta zauna mata a fuska
ta tare wa lantarki hanya
kamar 'yan tasha a Oshodi.
In baƙuwa ta iso, mai guba, marar wari,
ta janye masu tare hanyar ɗaya bayan ɗaya,
wuta ta wuce,
allura ta motsa.

Tanimu mai shayi na Idi-Araba,
daren da ruwa ya ƙi ɗaukewa,
ya jawo janareto cikin ɗaki ya tura ƙofa,
shi da ƙannensa biyu.
Da asuba ƙwai na ci, rediyo na surutu,
ladan ya kira, ya sake kira.
Har yau ina da bashinsa, naira ɗari uku,
kuɗin burodi da ƙwai.

To, ita ma tana da nata halin.
Laimar Ikko na ruɗa ta.
Ran Talata Ronke ta shigo da sabon turare,
allura ta yi tsalle kamar gobara ta tashi,
muka yi dariya, na juya na share ido.
Hancin da bai raba turare da ajali ba
ai da sauransa.

Na ƙara mata ɗan tutiya. Na rage zafi.
Nefa ta ɗauke wuta, samfuri na arba'in da bakwai ya tsage.
A bayan tagarmu wani ya ja igiyar janareto,
sau ɗaya, sau biyu, ya kama.

Kaka, kai ka tono ta da diga,
ni ina lallashinta da hantsaki.
Ba na roƙonta da yawa:
ta kwana a bangon ɗakin haya, ido biyu,
ta yi ihu kafin barci ya yi nauyi.

Gobe arba'in da takwas.
Na wanke gilashin, na kife shi ya bushe.