Iyakar Gudu

Ƙarfe biyun dare a Asawase.
An ɗauke wuta tun isha'i,
janareton mai walda ma ya yi shiru.
Saura ni da fitilar caji
da ɗan koren allon nan
wanda bai cika tafin hannuna ba.

A cikinsa akwai agogo marar fuska.
Bai san azahar ba, bai san la'asar ba,
bugu kaɗai ya iya:
miliyan ɗari biyu a daƙiƙa in yana hutawa,
ɗari takwas in aiki ya taso.
Ni ce zan shata masa inda zai tsaya,
ta sama da ta ƙasa.

Babana, Gariba Sanda, shekara talatin
yana jan lodin doya daga Techiman.
Ran da na ce masa direba nake rubutawa
dariya ya yi har ya ƙware da shayi.
"Direban da ba lasin,
ba goro, ba zagin yaron mota?"
Na ce yana can cikin ƙwayar manhaja,
ba mai tunawa da shi sai ran da ya yi kuskure.
Ya ajiye kofi. Ya ce, "To, wannan namu ne."

Takardar masana'anta ta ba ni tsani mai hawa bakwai,
kuma ba a dasa ƙafa tsakanin hawa da hawa.
In an roƙi ɗari biyar da hamsin
dole in zaɓa: ko in hau, ko in sauko.

Ga masu roƙon ba sa ga maciji.
Mai zana hoto ya ce kar a sauka ƙasa da ɗari shida,
in ba haka ba ungozoma za ta ga zuciyar ɗan tayi
tana tsalle kamar tsohon faifai.
Batir ya ce a tausaya masa,
garin da za a kai shi sai Laraba ake samun caji.
Ma'aunin zafi bai iya lallashi ba:
ɗari biyar, ya ce, ko in kashe komai.

Daɓe ya haura rufi.
Wane irin ɗaki ne wannan?

Makon jiya sifiri uku suka ci mana kwana uku.
Oforiwaa tana ƙirga da dubbai, ni da ɗai-ɗai,
na'ura ta koma hawainiya,
muna ta zargin waya, muna zargin dalma,
ashe bakinmu ne bai zo ɗaya ba.
Ta saya mini kelewele, muka rufe maganar.

Lambobin takarda kuma a ɗaki mai sanyi aka auna su,
a ƙasar da ban taɓa zuwa ba.
Shi ya sa na kai allon Kejetia da tsakar rana,
na zauna ƙarƙashin kwano gefen mai sayar da bokiti,
ina kallon zafi yana hawa,
sittin da takwas, saba'in da huɗu,
har mai bokiti ta tambaya ko duba nake yi.

Yanzu na tuna hawan Mampong.
Ina 'yar shekara tara a gidan gaba,
mai kaya yana buga ƙofa, a ƙara wuta, kasuwa za ta watse,
allurar zafi tana jingina da ja.
Baba bai ko waiwaya ba.
Ya sauke giya, muka rarrafa.
Mai kaya ya yi ta zagi har Kumasi,
amma a Kumasi ya yi zagin.

Sai na rubuta layi huɗu:
in ƙasa ta wuce sama, sama ce da gaskiya.
A sauko da daɓe ya sami rufi,
hoto ya ɗan yi ɗingishi,
zuciyar dai a gan ta.

Na tura. Na jira.
Ɗari biyu. Ɗari biyar. Ɗari biyar. Ɗari uku.
Na ɗora yatsa a bayansa:
ɗumi, kamar goshin yaron da zazzaɓi ya saki.

Fanka ta motsa da kanta, wuta ta dawo.
A waje Lantana ta fara hura gawayin koko,
ni kuwa ban san iyakar tawa ba tukuna.