Ƙullin Ciyawa a Dajin Epe

Ranar Asabar da la'asar nakan rufe rumfar albasa,
in bar Mayil Tuwal da hayaniyarta,
in hau motar Epe.
Bindigata ta toka can take kwana,
bayan ƙofar Baba Odewale,
wanda bai iya Hausa ba sai "sannu" da "nawa ne".
Ni ma Yarabancina bai wuce na ciniki ba.
Amma daji yana da nasa bakin.

Wannan karon na tafi da Sallau, ɗan ƙanena,
mai saurin ƙafa, mai saurin hannu.
Kwalekwale ya sauke mu inda kwakwar manja ta yi duhu,
laka har idon sawu,
sauro kamar an aiko su.

Na ce, Sallau, dajin nan ba na ubana ba ne,
ba na uban Odewale ba ne,
duk wanda ya shigo, baƙo ne ya tarar da baƙo.
In ka ga an ƙulle kan ciyawa a bakin 'yar hanya,
wani ya riga ka, tarkonsa na gaba, ka ratse.
In ka hango fitila, sunkuyar da taka, ka yi fito sau biyu,
kada ka dalle idon mutum sai ka ce gada.
Abin da ido bai tantance ba,
yatsa ba ya taɓa masa kunama.

Ya ce to.
Irin "to" ɗin yara.

Dare ya raba, jakarmu ba ko gafiya.
Sai muka ji shure-shure cikin ganye.
Gada ce, waya ta ci mata ƙafar baya,
ta gaji da fizga, numfashi sama-sama.
Sallau ya dube ni, ya dubi duhu:
"Baffa, wa ya gani?"

Na haska masa ciyawar.
Ƙulli biyu, ɗaya bisa ɗaya.
Ban san mai shi ba.
Na dai san ya tsuguna nan da rana tsaka,
ya lanƙwaso reshe, ya share sawunsa,
ya koma gida yana lissafi,
ƙila kuɗin makaranta, ƙila bashin garin kwaki.

Kafin asuba za ta zama mushe.
Na yi bismilla na yanka ta,
muka rataye ta sama, inda kwarkwasa ba ta kai ba,
na ƙara ƙulli na uku a kan nasa biyu.
Muka fito hannu na dukan cinya.
Sallau bai tanka mini ba har Ikorodu.

Da Asabar ta zagayo,
mai kwalekwale ya tare ni a bakin ruwa,
ya miƙo ƙunshin ganyen ayaba ɗaure da waya:
cinya guda, an kyafe ta har ta yi ja.
Na ce, wa ya bayar?
Ya nuna daji da haɓa.

Har yau ban san fuskarsa ba.
Ƙila mun sha gogar kafaɗa a kasuwar kifi.

Bana an kafa turakun siminti ta inda muke shiga,
an sa musu lamba da jan fenti,
katafila ta cinye saurar da gyazbi ke kiwo.
Daji na tsukewa kamar sabuwar riga bayan wanki,
fitilu kuwa sai ƙaruwa suke a ɗan abin da ya rage.

Jiya na ƙirga bakwai.
Shida suka sunkuya.
Ta bakwai ta tsaya cak a idona,
ina jin bakin bindiga a bayanta ba tare da na gan shi ba.
Kafin in haɗa leɓe
sai fito ya tashi daga bayana, sau biyu.
Sallau ne.

Fitilar ta yi jim,
sannan ita ma ta yi ƙasa.