Shekarun Goggo Dudu

A rumfata ta gyaran waya, bayan kasuwar Garwa,
Goggo Dudu ta kwance bakin zani,
ta ajiye wayarta a hankali
kamar mai kawo mara lafiya.
"Tun jiya ta ƙi magana, Tanko.
Duba min ko sammu aka yi mata."

Ba sammu ba ne.
Cikin dare wayar ta sabunta kanta,
ta wayi gari da tambaya a baki:
Shekara nawa? Nuna kati. Nuna fuska.
Wai umarni ne daga sama,
don a kare yara.

"Goggo, yaushe aka haife ki?"
"Shekarar da kogin Binuwai ya shigo gari
ya tafi da rumbun kawuna."
Allon ba shi da gurbin ambaliya.
Rana yake so, da wata, da lamba huɗu.
Katinta kuwa cewa ya yi wajen shekara kaza,
wani magatakarda ne ya dube ta sama da ƙasa
ya yanka mata, kamar mai taya akuya.

Wai ma wayar ta wa ce?
Da asuba ta Hamajoda ce, yana jin farashin kifi a Lagdo.
Da hantsi ta Goggo, 'yarta na kira daga Njamena.
Bayan la'asar Bakari ke bitar darasi da ita.
Waya ɗaya, hannu bakwai.
Fuskar wa za mu ba ta?

Na ɗaga wayar. Goggo ta gyara kallabi,
ta ɗaure fuska.
Juya hagu. Juya dama. Ƙifta ido.
Matar da har yau ba ta faɗin sunan ɗan farinta,
wadda ko marigayi bai taɓa ƙirga mata shekaru ba,
ga ta tana ƙifta wa gilashi ido.

Waya ta buɗe.

"To, ina fuskar tawa ta tafi?"
Na ce ban sani ba, Goggo.
Ni mai sauya batir ne, mai goge tsatsa.
Na san ta inda ruwa ke shiga waya,
ban san ta inda mutum ke zuba ba.

Ta ajiye min dala ɗari.
A bakin rumfa Bakari na jira.
Ta miƙa masa ko waiwaye babu,
ya ruga,
ɗan shekara tara
da fuskar 'yar saba'in a aljihu.